Igiyar Inji da Takardar Barci

A mashiginmu na bakin gulbi, idan matuƙi ya yi abin kunya ba a dukansa, ba a kai shi gaban alƙali. Sarkin jirgi ne zai taso daga kan tabarmarsa, ya tako har cikin jirginka, ya kwance igiyar da kake ja ka tayar da inji, ya rataye ta a reshen tsamiyar da muke zama ƙarƙashinta. Shi ke nan. Jirginka na nan, injinka na nan, amma ka koma ɗan kallo. Duk wanda ya zo ƙetare gulbi sai ya ɗaga kai ya ga igiya tana lilo, ya tambaya ta wace ce, a kuma ba shi labari har da ƙari. Igiya ba ta da wuyar samu, kowace kasuwa akwai ta. Sai dai ban taɓa jin wanda ya sayo wata ya ɗaura ba, don babu mai shiga jirginsa.

Na haura shekara talatin ina ɗaukar mutane daga gefenmu na Bagudo, ranar kasuwa har Dole Kaina, wani lokaci da fatake masu komawa ƙetaren Benin. Igiyata ba ta taɓa hawa tsamiya ba sai da na yi furfura, na yi jikoki. Karatuna na boko wata huɗu ne a ajin yaƙi da jahilci, rabinsa ma gyangyaɗi na yi, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace a wannan rubutu ya tallabe shi ya wuce.

Barci ne ya fara jawo mini. Ba na gajiya ba, wani iri ne da ke ɗauke ni kamar an hure fitila. Ina tsakiyar magana, ko loma na hannu, sai in tafi. Wata rana ya same ni a tsakiyar gulbi, hannuna a kan inji, jirgi cike da mata masu albasa. Hannun ya karkace, jirgi ya kama zagaye wuri ɗaya. Akwai wani masunci da ke jefa taru a wurin. Sau huɗu muna wuce shi, sau huɗu yana gaishe mu. A na huɗun ya ce, “To, ku gai da gida dai wannan karon.” Sai wata tsohuwa ta jefe ni da albasa a ƙeya, na farka ina cewa mun iso.

Sarkin jirgi bai taɓa igiyata ba a wannan karon. Ya ce cuta ba laifi ba ce, in tafi asibiti.

Likitan da na gani a Birnin Kebbi sa'an ɗana na fari ne. Ya yi ta gwaje-gwaje, ya yi tambayoyi har da waɗanda surukina ma bai yi mini ba lokacin neman aure. Daga ƙarshe ya ce cuta ce sananniya, ya faɗi sunanta, sunan ya fi jirgina tsawo. Ya rubuta mini wata 'yar farar ƙwaya mai hana wannan barcin.

“Rabi, Baba,” in ji shi. “Rabi kowace safiya. Ka maimaita in ji.”

“Rabi.”

“Kuma ka dawo ƙarshen wata in duba ka.”

Rabin ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Idona ya buɗe, na koma ganin gaɓar can ƙetare tun daga nan, na daina farkawa da tuwo a gemu. Da na tsaya a nan, da babu abin rubutawa. Amma sai na yi lissafi, karo na farko a rayuwata ba tare da wani ya sa ni ba. Na ce in rabi ya mai da ni cikakken mutum ɗaya, guda zai mai da ni mutum biyu. Likita yaro ne, tsoro gare shi, kuma a zaune ya gan ni, bai san girman jikina ba.

Na sha guda. Bayan kwana kaɗan na ga mutum biyu ma sun yi kaɗan.

Na yi wa jirgina fenti kore. Washegari na ga shuɗi ya fi, na shafe. Kafin shuɗin ya bushe na tuna alherin kore. Na ɗauki tsintsiya in share bakin mashigi, da na kai ƙarshensa na ga hanya ma da datti, na ci gaba. Ban ɗaga kai ba sai da na ga takalmin wani mai kaki a gaban tsintsiyata, ashe na kai shingen da ke hanyar kan iyaka.

“Baba, ina za ka?”

“Ban sani ba, ɗana. Shara ce a gaba, ina bin ta.”

Ya ɗaga ƙafa na share ƙarƙashinta.

An yi suna a Kurgu, na je barka. A hanya na hangi wata gona ciyawa ta cinye ta, raina ya ɓaci da lalacin mai ita. Na ari fartanya na shiga, ban fito ba sai da na bar ta tas kamar tsakar gida. Mai gonar ya iso ya tsaya yana kallo, bakinsa a buɗe. Ashe riɗi ne ya shuka, bai daɗe da tsirowa ba. Na ba shi haƙuri na tsawon lokacin da ya gaji ya ce ya yafe don in yi shiru.

Abin da ya sa babu wanda ya tsawata mini shi ne, a wurinmu ba a zargin mai aiki. Mutum ya kwanta da rana, kafin la'asar an gama da shi, an ce rago ne ko kuma yana sha wani abu. Amma ya yi ta aiki kamar an kunna masa wuta a wando, sai a bi shi da albarka. Ana kawo samari a nuna musu ni. “Ku dubi tsohon ga, ku ji kunya.” Ni kuwa in ƙara sauri.

Ƙwayar wata guda ta ƙare a mako ɗaya. Komawa wurin likita ba ta taso ba, na san abin da zai ce. Sai na tuna da taubashina, ɗan kawuna, wanda ke zaune a ƙetaren Benin yana sayar da goro, Dandanci ya fi Hausa zama a bakinsa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Shi ya san wani shagon magani a can da ba ya yawan tambaya, in dai ya ga takarda. Takardar likita ta ƙetare gulbi ta dawo, ta ƙetare ta dawo, har ta yi laushi kamar tsumma, muka sa ta a leda.

Jikina kuwa ya fara biya. Na rame har hulata ta sauko ta zauna a kan kunnuwa. Muƙamuƙina na taunar iska, na fasa haƙori ɗaya da kaina. Ƙirjina na bugawa kamar injin da aka bari a kunne babu kowa a jirgi. Tsohuwata, wato matata, wadda muka tsufa tare tun ina tuƙi da filafili, ta ajiye mini kwano ta ce, “Malam, tun jiya hwa ba ka sa komi bakinka ba.” Na ce mata ci na masu lokaci ne. Ta ɗauke kwanon.

Ranar da abin ya fashe ranar kasuwa ce, rana tsaka, jirgi cike. Muna tsakiyar ruwa na ga dorina ta taso gabanmu, baki a wangame, har haƙoranta na gani. Na kwarara ihu, na murɗe inji da dukan ƙarfina. Jirgi ya kwanta gefe guda, ruwa ya kwararo ciki, buhunan albasa suka bi gulbi, wani rago da aka ɗaure ya bi su. Mutane na salati. Akwai wata mata da goyo a bayanta, ta riƙe bakin jirgi da hannu ɗaya, ɗayan ta mai da baya ta dafe kan jaririn. Ita ba ta yi ihu ba. Kallona kawai ta yi.

Babu dorina. Tarin kainuwa ne ruwa ya kwaso.

Allah ya tsare, babu wanda ya rasa rai, har ragon an tsamo shi yana atishawa. Muna isa gaɓa na ga sarkin jirgi ya riga ya miƙe daga tabarma. Dattijo ne da ya girme ni, ba ya son magana biyu. Ya shigo jirgina, ya durƙusa, ya kwance igiyar a hankali kamar mai kwance ɗaurin jinjiri.

“Ranka ya daɗe, wallahi na ganta, da haƙora.”

“Na yarda ka ganta. Shi ne abin tsoron.” Ya naɗe igiyar a hannu. “Ba ni ba ka ita sai ka kawo min takardar likitan da yab ba ka abin ga, da hatimi bisa, cewa kanka ya koma mazauni nai. In ruwa ya cika ba ka kawo ba, layinka sai a ba wani.”

Layin nan, wato matsayina a jerin masu ɗaukar fasinja, daga mahaifina na gaje shi. Shi ma daga nasa. Kuma cikar gulbi ita ce lokacin aikinmu, saura bai fi wata biyu ba.

Na ce zan daina da kaina, ai ni na fara da kaina. Na yi rantsuwa bayan asuba. Kafin azahar ina zaune a bayan rumbu ina rawar jiki, na haɗiye uku ba ruwa. Nan tsohuwata ta same ni. Ta yafa mayafi, ta ɗauko takardar nan ta cikin leda, ta ce mota na jira.

Likita bai yi faɗa ba, abin da ya ƙara ba ni kunya ke nan. Ya tambaye ni nawa nake sha a rana. Na ce ɗaya, da 'yan rakiya. Ya ce 'yan rakiyan su nawa ne. Tsohuwata ta ɗaga yatsu, ya rubuta. Ya auna jinina, ya saurari ƙirjina, ya ce kwantar da ni za a yi. Za su riƙa rage mini ita a hankali suna lura da zuciyata, don in na yanke da kaina a gida zan koma mata da ƙarfin da ya fi na da. Sannan ya juya ga tsohuwata.

“Mama, zai yi barci kamar ba zai tashi ba, ku bar shi. Zai ci abinci kamar mutum uku, ku ba shi. Zai yi kuka babu dalili. Amma in kika ji ya ce rayuwa ta ishe shi, ki kira mu nan take, kada ki ce wasa yake. Barcin nan shi ne rabin maganin. Kada a tashe shi.”

Likita ya san cuta, amma bai san dubiya irin tamu ba.

A wurinmu, in ka je duba marar lafiya, dole ka ji muryarsa. Ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi, da bakinsa. In ka same shi yana barci ka juya, to ba ka je ba, don bai gan ka ba, kuma in ya warke zai riƙe ka a rai har abada. Saboda haka tashinsa ba mugunta ba ce, haƙƙinsa ne kake ba shi.

Matuƙan mashigi ne suka fara zuwa, mota guda. Ina cikin barcin da rabona da irinsa tun ina yaro, na ji an kama babban yatsan ƙafata ana girgizawa.

“Sannu! Ya jiki?”

“Da sauƙi.”

Na koma. Wani ya kama yatsan.

“Ni ba ka amsa min ba. Ya jiki?”

Su tara ne. Suna fita surukaina na Bahindi suka shigo, su kuma kowa sai ya gaishe ni sau biyu, nasa da na wanda ya aiko shi. Ina ji sama-sama suna shawara a kaina.

“Sun kashe mutum. Dubi baki buɗe, rana tsaka.”

“Mutumin da yas share hanya har kan iyaka!”

“Allurar kwana sunka yi mai. Haka suke yi in ba su gane cuta ba.”

Washegari kowa ya dawo da taimako. Wannan goro, wannan shayi mai kauri kamar kunu da garin kofi a ciki, wannan gwangwanin abin shan nan da direbobi ke sha don kada su yi gyangyaɗi. Duk abin da likita ya hana, sai da ƙauna ta kawo shi bakin gadona.

Nas ɗin ɗakinmu wata mata ce mai jiki, muryarta na kaiwa bakin ƙofar asibiti. Ta tsaya a ƙofa tana karɓe kaya ɗaya bayan ɗaya, har teburinta ya koma kamar na mai tireda.

“Baba, mene ne wannan a aljihunka?”

“Goro na, ɗiyata, na bakina.”

“Bakinka nawa ne? Kawo.”

Kaya ta iya karɓewa, gaisuwa ce ta gagare ta. Tsohuwata ce ta samo dabara. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta ce likita ya hana a gan ni saboda iska, amma ana iya gaisawa ta bayan labule. Sai ta shige ciki ta zauna kusa da kaina, ina ta minshari. Mai dubiya ya ce ya jiki, ita kuma ta danne murya ta ce, “Da sauƙi, na gode, a gai da gida.” Haka ta yi kwanaki tana amsa gaisuwa da sunana. Babu wanda ya gane. Wani surukina ma ya koma Bahindi ya ba da labari cewa na samu sauƙi sosai, har magana ta fara yi mini ma'ana.

Sauran abin da likita ya faɗa duk ya zo. Na ci nawa, na ci na tsohuwata, na kafa wa kwanon maƙwabcin gadona ido har ya miƙo mini. Na ga wani ƙadangare a taga wutsiyarsa ta gutsure, na yi masa kuka har da shessheƙa. Wannan ana dariyarsa yanzu. Wanda ba a dariyarsa shi ne wani yammaci da na farka na ji ni fayau, kamar jirgin da aka kife a gaɓa. Ba na son igiya, ba na son gulbi, jikokina ma da aka ambata ban ji komai ba. Na ce wa tsohuwata da ma dorinar nan ta gaske ce ta gama da ni. Ba ta tsaya ba ni haƙuri ba, ta fita da gudu, ban san tana iya gudu ba. Likita ya zo ya ja kujera ya zauna. Ya ce ba ni ne na lalace ba, ƙwayar ce ke fita, kuma ta saba kwashe daɗin duniya ta tafi da shi na ɗan lokaci, zai dawo. Ya sa aka riƙa leƙo ni a kai a kai. Ban yarda da shi ba a ranar. Amma na ji daɗin da ya zauna.

Ana cikin haka taubashina ya iso daga ƙetare. Shi labule ba ya tare shi, taubashi ba ya neman izini. Ya yaye shi ya same ni kwance.

“Kai, bawan gidanmu! Wa ya mutu aka ba ka gadonsa?”

“Wa ya bar ɓarawon goro ya shigo asibiti?”

“Ka ga yadda ka koma? Kamar kifin da aka manta a rana.” Ya zauna a bakin gado, ya rage murya. “Na biyo ta mashigi. Ruwa na tahowa, ɗan'uwa. Igiyarka na can tana shan rana, yara na jifanta. Akwai masu zagaya layinka tun yanzu.”

Ya leƙa ya ga nas ta juya baya, tsohuwata ta tafi ɗebo ruwa. Ya damƙa mini wani ƙunshin ganye irin na goro.

“Ƙwaya biyu ce a ciki. Ka tashi ka amso abinka, ka bar kwanciyar nan ta masu jego.”

Idonsa da ƙwalla ya faɗi haka. Wallahi don ƙauna ya yi, shi ya sa ban iya zaginsa ba, shi ma bai zage ni ba da zai fita.

Na tura ƙunshin a cikin naɗin hulata, na kifa ta a kai. Ba zan ce na yi kokawa da zuciyata ba, don ban yi ba. Niyyar sha na yi, cikakkiya. Na jira ɗaki ya yi shiru, na miƙa hannu na ɗauko kofin ruwa. Abin da na sani ke nan. Na farka bayan azahar, kofi a kife a ƙirjina, rigata sharkaf. Na ce to, bari in je banɗaki inda babu ido. Na shiga, na sa sakata, na jingina da bango don in cire hula. Bugun ƙofa ne ya tashe ni, nas na kiran a kawo mai ɓalle sakata. Cutar barcin da ta fara kai ni asibiti ita ta tsaya gadi a kaina sau biyu a rana ɗaya.

Nas ta raka ni gado tana kallon kaina.

“Baba, hular nan aure kuka ɗaura? Ka yi barci da ita, ka shiga banɗaki da ita.”

“Sanyi nake ji a ƙwaƙwalwa.”

“To.”

Bayan la'asar na farka garau, irin farkawar da ban yi ba tun zuwana. Babu barci ko kaɗan da zai cece ni. Na kwance ganyen, ga su nan biyu farare a tafina, bakina har ya kawo miyau. Na san abin da za su yi mini: kafin magariba zan miƙe, in share asibitin nan tas, gobe in isa mashigi ina surutu. Sai na tambayi kaina, in na isa, wa zan ɗauka? Nan matar nan mai goyo ta dawo mini, hannu ɗaya a bakin jirgi, ɗaya a kan jaririnta. Duk zagin da na sha a kan dorina babu wanda ya zauna mini kamar shirun matar nan.

Na kira nas. Muryata ta fito kamar ta ɗan akuya. Na buɗe mata hannu.

Ta karɓa, ta ƙirga su da ido, ta dube ni. “Likita nake jira ya shigo mu cire hular nan, ko da kan a ciki. Gara da ka riga mu.”

Likita ya ji labari, ya ce yau ne na fara jinya da gaske. Na ce to a ba ni takarda, ruwa na cika. Ya ce ruwa bai san aikinsa ba, shi ma bai san na ruwa ba, takarda sai ya gamsu. Na ƙara kwanaki a gado. Aka sallame ni, ina dawowa duk mako ana gwaji, ana zama da ni ana tambayata yadda nake ji, ni da ban saba a tambaye ni ba. Duk dawowa sai in bi ta mashigi daga nesa in ga inda ruwa ya kai.

Ranar da takarda ta fito, ruwa ya taɓa saiwar tsamiya. Na miƙa wa sarkin jirgi da hannu biyu. Ya duba hatimi, ya shafa shi da yatsa, ya juya takardar sama da ƙasa, don da Turanci take. Aka samu wata malamar makaranta cikin masu jiran jirgi, ta karanta tana fassarawa, matuƙa duk sun kewaye mu.

Ta ce likita ya shaida na rabu da waccan ƙwayar, kuma zan iya tuƙi, bisa sharuɗɗa. Sabon maganin da aka canza mini zai zauna a hannun matata, ba nawa ba. Zan koma asibiti duk wata. Tafiya mai nisa kamar Dole Kaina sai da wani matuƙin a kusa da ni. Sannan kowace rana bayan azahar dole in kwanta in yi barci, kuma kada kowa ya tashe ni.

“Sake karanta wurin ga,” in ji sarkin jirgi.

Ta sake.

“Da rana?”

“Da rana, Baba.”

“Kuma hatimin ya hau har bisa wannan?”

“Duk takardar ya hau.”

Wuri ya kaure. Wani ya ce tun da aka kafa mashigin nan ba a taɓa jin namiji ya kwanta ana lodi ba. Wani ya ce shi ma yana jin alamun cutar. Sarkin jirgi ya ɗaga hannu.

“Ni nic ce a kawo takarda. An kawo. Ba ni ɗaukar rabi in bar rabi, rabi da guda su sunka kai mu nan.” Ya sa aka kawo gora, ya saukar da igiyar da kansa. Rana ta busar da ita, zanzaro har ya yi gini a jikinta. “A shimfiɗa mai tabarma nan ƙarƙashin tsamiya. In ya kwanta, wanda yat tashe shi, da ni ya yi.”

Na ɗaura igiya. Na ja, shiru. Na ja, inji ya yi tari. A na uku ya kama, na ji shi har cikin haƙorin da na fasa.

Cikin fasinjojin makon farko har da matar nan, jaririn ya yi wayo yana leƙe ta kafaɗarta. Ta gaishe ni da ladabi, ta yi mini barka da sauƙi, sannan ta koma gefe ta jira jirgi na gaba. Har yau ba ta sake shiga nawa ba. Ban ga laifinta ba.

Sha'awar ƙwayar ba ta mutu ba, tana taso mini musamman ranar kasuwa in na ga lodi ya yi yawa. In ta taso nakan faɗa wa tsohuwata, ita kuma ta faɗa wa likita, ba ta rage ko kalma. Kowace safiya takan kwance bakin zanenta ta ba ni maganina, ta tsaya sai na haɗiye, in buɗe mata baki kamar ɗan tsako.

Bayan azahar kuwa, ni ne mutum ɗaya tak a ƙasar Bagudo da ke barcin rana da hatimi. Masu lodi na rage murya, masu kifi na ciniki da hannu. Mutum ɗaya ne ya karya doka. Taubashina ya sauka daga jirgi wata rana, ya same ni a miƙe, ya kama babban yatsan ƙafata ya girgiza, wai ya zo ya ji ya jiki, kuma ko zan ara masa takardar ya kai a buga masa irinta. Sarkin jirgi ya taso daga tabarma. Ya dube shi sama da ƙasa, ya ga mai goro ba shi da igiyar da za a kwance. Sai ya cire masa hula ya rataye a reshen.

Da kai tsirara ya koma Benin. Hular na nan har yanzu, ita nake kallo kafin barci ya ɗauke ni.